Mita Ashirin da Uku a Sakan Ɗaya

Duk wadda za ta zage ni a cikinku, don Allah ta bari sai ta kai ƙarshe. Ni kaina ban ce abin da na yi ranar Asabar ɗin nan daidai ne ba, amma da za a dawo mini da ranar, ban tabbata zan canza ko taku ɗaya ba.

Aikina koyar da haɗa kayan lantarki a wata kwalejin fasaha. Bana kuma na ɗora wa kaina wani aikin da ba wanda ya roƙe ni: ni ce mai awon gudu a gasar mutum-mutumi ta 'yan sakandare. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗaliban kowace makaranta ne ke ƙera ɗan inji mai taya huɗu, girmansa kamar akwatin tafiya, su tuƙa shi da rimot yana harba ƙwallayen roba cikin kwanduna. A bakinsa akwai wasu ƙananan tayoyi biyu masu juyawa, su ke matse ƙwallo su tofo ta. Doka ta ce kada ƙwallo ta wuce mita goma sha biyu a sakan ɗaya, saboda akwai ɗalibai tsaye a bakin fili suna tsince ƙwallaye suna mayarwa. A goma sha biyu, in ta same ki zafi ne kawai, ki sosa ki wuce. In ta haura ashirin, tabaran kariya ma fashewa yake yi.

Na Auta ya fashe.

Auta ƙanwata ce, daga ni sai ita. Bara tana tsince wa makarantarsu ƙwallo, wata ta taso daga injin abokan karawarsu ta fasa mata tabarau, ta sauka a idon dama. Tiyata biyu aka yi. Yau in kin tsaya ta damanta, sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya kafin ta gan ki. Kwamitin gasa ya zauna, ya ce injin ya ci awo da safe, saboda haka laifin tabarau ne, mai arha aka saya mata. Ni na saya mata shi, jama'a. Shekara guda ina kwana ina tashi da wannan maganar a ƙirji.

Mai horar da makarantar da injinsu ya harbe ta shi ne Injiniya. Shi ya sungume ta da gudu zuwa motarsa, farar rigarsa duk jini. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti, bai yi fashin zuwa ba ko sau ɗaya. Ya kawo fulas ɗin shayi, ya kawo 'ya'yan itace, ya zauna a bencin waje ya dafe kai. Umma ta sa masa suna Ɗan Albarka. Da aka sallame mu zuwan bai tsaya ba, sai dai ya sauya dalili.

Kada in yi muku ƙarya, na so shi. Dogo ne, mai magana a hankali, in zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai. Da na karɓi aikin awo sai ya koma kirana Alƙaliya. Kullum da safe saƙonsa ne ke riga ƙararrawar wayata: “Alƙaliyata ta tashi? A yi wa mai laifi sassauci.” Ni kuwa sakarya in ta murmushi ina rungume filo.

Saura kwana tara gasa, ina ɗakin gwaji ni kaɗai ina warware wayoyin da ɗalibai suka cukurkuɗa, wata yarinya ta yi sallama. Na gane ta, ita ce shugabar tawagar Injiniya, kowa Kyaftin yake ce mata. Ba za ta wuce sha bakwai ba. Ta tsaya bakin teburi tana murza igiyar jakarta har na gaji da jira.

“Lafiya, Kyaftin?”

“Malama, bana ƙanwata ce za ta tsince mana ƙwallo.”

“To madalla. Sai me?”

Sai hawaye. Na ja mata kujera, na rufe ƙofa. Ta ciro wayarta ta nuna mini hoton rimot ɗinsu, ta ɗora yatsa kan maɓallai biyu na ƙasa.

“In an gama awo, sai a danne waɗannan tare, a ƙirga uku. Tayoyin harbi sai su ninka gudu. In aka kashe injin aka kunna, ya koma daidai, ba mai ganewa. Malam ya ce kowa ma yana yi.”

Tambaya ɗaya ce gare ni, kuma na san amsarta.

“Bara ma?”

Ta sunkuyar da kai. “Bara aka fara.”

Ban yi kuka ba. Na ba ta ruwa, na ce ta tafi gida, kada ta faɗa wa kowa ta zo. Da ta fita na zauna ina kallon hannuwana, ina tuna Injiniya a bencin asibiti dafe da kai. Ashe ba tausayi ke kawo shi ba, gadi yake yi, yana sauraron ko mun gano wani abu. Daga baya da ya ji na zama mai awo, sai soyayya ta ƙara zafi. Kai, namiji!

Na isa gida na tarar da Goggo, yayar Abbanmu marigayi, ta baje a falo, ta cire mayafi ta kunna fanka a kanta. A kan kujera ga wani leshi ruwan zuma cikin leda, ga takalmi mahaɗinsa.

“Ga ta nan, uwar 'yan boko,” in ji Goggo. “Zo ki ga abin da Ɗan Albarka ya aiko. Ke wai me kike jira ne? Sa'o'inki duk da goyo, ke kina goyon batir.”

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu. “Ya ce in an gama gasar nan manyansa za su zo. Na ce masa ba mu da ja. Mutumin da ya tsaya mana lokacin da dangi ma suka yi ta ba da uzuri, me kuma za a bincika?”

Auta na zaune a ƙasa tana karatu, ta karkatar da kai gefe yadda take yi yanzu don ta ga layi. Na dube ta, na dubi leshin. Na buɗe baki zan faɗa musu komai, sai wata zuciyar ta ce mini: ki faɗa a falo, ya musanta a falo, Goggo ta ce sharrin shaiɗan ne, a wuce wurin.

“Leshin ya yi kyau,” na ce. “Goggo, ke za ki sa shi ranar gasa. Ku zo ku ga ya ci kofi.”

Goggo ta washe baki. “Ah to, yanzu kika yi hankali.”

Za ku ce me ya hana ni kai ƙara wurin kwamiti. Kwamitin da ya binne maganar Auta cikin zama ɗaya? Rabinsu abokan shan shayinsa ne. Kafin takardata ta isa teburin shugaba an kira shi a waya, minti biyar ya ishe shi ya goge komai daga ƙwaƙwalwar injin, a bar ni da sunan mai ƙage, a bar Kyaftin da kora. Wannan dalilin gaskiya ne. Amma akwai na biyu, kuma shi ya fi ƙarfi: ba na son a kama shi a ofis, ƙofa rufe. So nake a kama shi inda aka ɗauki ƙanwata cikin jini, a gaban mutane.

Na ɗauko littafin dokokin gasa na bi shi layi-layi kamar mai neman kuskure a jarabawa. A shafi na talatin da ɗaya na samu abin da nake nema: mai awo na da ikon tsayar da kowane wasa, a auna inji nan take a cikin fili, ba tare da an kashe shi ba. Tun da aka fara gasar ba wanda ya taɓa amfani da wannan layin.

Kwana taran nan na yi masa ladabin da ban taɓa yi ba. Ya turo: “Alƙaliya, ranar Asabar a duba mu da idon rahama.” Na mayar: “Ai kai ba ka da abin tsoro.” Ya turo hoton zuciya. Na tura masa biyu.

Ranar Asabar na sa doguwar riga baƙa, na ɗaura ƙaramin mayafi ruwan toka yadda ba zai dame ni ba, na ɗora rigar ma'aikata mai ruwan lemo, na rataya usur. Babban ɗakin wasanni ne, benci hawa-hawa, an kewaye fili da allunan katako iya gwiwa. Teburina na gefen ƙofa, a kansa na'urar awo: ɗan bututu ne mai idanun haske biyu, ƙwallo ta ratsa ta ciki, lamba ta fito.

Makaranta goma sha shida na auna. Na mayar da uku su rage gudu, yara suna ta magiya, ban saurara ba. Da aka zo kan su Injiniya, shi da kansa ya turo injin, sanye da shuɗiyar riga mai tambarin makarantarsu, yana ƙamshin turaren da na taɓa cewa ina so. Kyaftin ta harba uku. Goma sha ɗaya da ɗigo shida, goma sha ɗaya da ɗigo biyar, goma sha ɗaya da ɗigo bakwai. Tsaf, kamar ɗan kirki.

Na ɗauki biro na sa hannu a takardar shaida.

Ya ranƙwafo ya rage murya. “Baƙi ya yi miki kyau. Su Umma sun iso, na sa an ba su layin gaba.”

“Ka kyauta,” na ce. Kyaftin ta dube ni da jajayen idanu, na kawar da kai.

Na yi abin da zan iya don in kwantar wa kaina da hankali. Na bi masu tsince ƙwallo ɗaya bayan ɗaya na duba tabaransu, na sa aka ja layin tsayuwarsu baya da taku biyu. Amma na san taku biyu ba ya tare ƙwallo. Na sani sarai.

Wasansu na farko, ana hura usur na ga Injiniya ya shafi kunnensa na hagu, Kyaftin ta sunkuya kan rimot. Kukan tayoyin ya sauya, daga gurnani ya koma wani siririn fito. Cikin hayaniya ba mai lura sai wanda ya san abin da yake saurare. Daga tsakiyar fili suke jefa ƙwallo cikin kwando, alhali sauran sai sun matso. Mutane na ta tafi. Ina hango Goggo cikin leshi ruwan zuma tana nuna shi da yatsa tana gaya wa na kusa da ita surukinsu ne.

Na bar wasa na ɗaya ya wuce. Na bar na biyu.

A na kusa da ƙarshe, ƙwallo ɗaya ta kuskure kwando ta daki kafaɗar wata 'yar siririyar yarinya mai tsince musu. Ƙanwar Kyaftin ce. Ta durƙusa ta dafe wurin, ta cije leɓe, ta miƙe ta ci gaba da tsinta don kada a ce ta yi raki. Usur na hannuna, har na kai shi baki. Na sauke. Na ce wa kaina kafaɗa ce, ba ido ba, saura wasa ɗaya. Ga irin matar da na zama ranar, ku ji da kyau.

Wasan ƙarshe ɗakin ya cika maƙil, iyaye, shugabannin makarantu, masu ɗaukar hoto. Na jira ya shafi kunne, na jira fiton ya tashi, na bari suka zura ƙwallo huɗu. Sannan na tsallaka katako na shiga fili, na hura usur da duk iskar da ke ƙirjina.

“Kowa ya ajiye rimot a ƙasa! Kada wanda ya taɓa inji!”

Shugaban kwamiti, wani farfesa mai furfura, ya taso yana gyara tabarau. “Malama, me ke faruwa?”

“Shafi na talatin da ɗaya, ranka ya daɗe. Zan auna injin nan a yadda yake.”

Injiniya ya ƙaraso yana murmushi, amma goshinsa ya jiƙe. “Alƙaliya, ai kin auna da safe. Bari in kashe shi tukuna, batir ya yi zafi, kada ya ƙone yara.”

Ya miƙa hannu wajen makunnin. Na sha gabansa.

“In ka taɓa shi, doka ta ce an fitar da ku ba sai an auna ba. Zaɓi ɗaya.”

Hannun ya tsaya a iska. A nan ne ya dube ni sosai, ya gane. Wallahi wannan kallon kaɗai ya biya ni rabin abin da nake bi.

Na ce a haɗa na'urata da babban allon da ke nuna maki, aka haɗa. Na kafa bututun a bakin injin, na ɗauki rimot na miƙa wa farfesa, na ce shi zai harba da hannunsa, kada a ce na yi wani abu. Ya danna. Ƙwallo ta ratsa ta daki katako da ƙara kamar an fasa faranti.

Ashirin da uku da ɗigo ɗaya.

Ya sake dannawa. Ashirin da biyu da ɗigo takwas. Ya sake. Ashirin da uku da ɗigo huɗu.

Ɗakin ya kaure da salati. Farfesa ya cire tabaransa ya dubi Injiniya. “Mene ne wannan?”

“Na'urarta ce ta samu matsala, ranka ya daɗe.”

“To a auna na abokan karawarsu da ita,” na ce. Aka auna, goma sha ɗaya da ɗigo tara.

Lasifikar mai sanarwa na kusa, na karɓa. Na shirya dogon jawabi kwana tara, amma abu kaɗan ya fito. “Tabaran da na saya wa ƙanwata bara, an yi shi ya jure har mita goma sha takwas. Ba mai arha ba ne.” Na mayar masa da abarsa.

Nan take aka fitar da su daga gasa. Yaransa takwas suka zube a bakin fili suna kuka, wata shida suna ƙera injin nan. Shugaban makarantarsu ya fice bai ko dubi Injiniya ba. Wani uba ya taso zai shaƙe shi, masu gadi suka shiga tsakani. Ni kuwa na naɗe wayoyina a natse na zuba a jaka. Sanyin da na ji a raina, rabon da in ji irinsa tun kafin asibiti.

Muna shiga gida Goggo ta fizge mayafi ta yi jifa da shi.

“Kin kyauta! Kin sa ni na yi ado na je na zauna a gaba ina cewa surukina ne! Ba za ki iya jan shi gefe ba? Wa zai ƙara tunkarar gidan nan, an ji ke mai tona miji ce a lasifika?”

“Goggo, ba mijina ba ne. Kuma shi ya kashe wa Auta ido.”

Umma ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da fulas ɗin da ya bar mana tun asibiti, da agogon bangon da ya kawo, ta kai su bakin ƙofa ta ajiye a ƙasa. Ta dawo ta zauna, ta ce da ƙyar, “Da hannuna na riƙa zuba masa abinci.” Sai ta rufe fuska da gefen zane.

Na shiga ɗakinmu ina jiran Auta ta rungume ni. Tana zaune bakin gado, hasken la'asar na faɗo mata ta taga. Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya.

“Yaya, yaushe kika sani?”

“Kwana tara ke nan.”

“Kuma kika sa masa hannu da safe?”

“Auta, in ban yi haka ba da ya goge...”

“Na ga yarinyar da ta samu a kafaɗa.” Muryarta ko rawa ba ta yi. “Tsakanin kafaɗa da ido tafin hannu ɗaya ne, Yaya. Na auna a jikina muna zaune. Da ta same ta a ido, ke ma fulas za ki kai musu asibiti?”

Na yi duk wannan don ita, ga shi ita ce ta fara kallona kamar yadda na kalle shi.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Injiniya ne, ba Alƙaliya, ba hoton zuciya.

“Kyaftin ta faɗa mini komai a gaban shaidu biyu. Kin sani kwana tara, kika sa hannu, kika bar yara a fili wasa uku. Kwamiti zai zauna Litinin ƙarfe tara. Ki rubuta cewa na'urarki ce ta lalace, ni ma in yi shiru. In kin ƙi, ba ni kaɗai zan tafi ba. Ke ki rasa aikinki, ita a kore ta saura wata biyu jarabawarta.”

Na karanta sau biyu. Tsoro ya zo, amma haushi ya riga shi zama. Har yanzu yara yake sawa a gaba ya ɓuya a bayansu. Na rubuta: “Na'urata lafiyarta ƙalau. Abin da na yi da bakina zan faɗa musu kafin ka faɗa. Ka zo da wuri.” Na tura kafin zuciyata ta canza.

Ko ajiye wayar ban yi ba Goggo ta leƙo, duk faɗan ya bar fuskarta.

“Ke, fito. Ga wani mutum a ƙofa da 'yan mata biyu, ƙaramar an naɗe mata kafaɗa da bandeji. Na ce ya shigo, ya ce ba zama ya kawo shi ba. Wai mai awo yake nema.”

Na dubi Auta. Ta miƙo mini mayafina, ta tashi ta sa takalmi.

“Mu je,” ta ce. “Amma ke za ki yi magana.”